Waiwaye: Yadda juji ya fi ƙarfin birnin Yamai

A unguwanni da dama na Yamai akwai katangun da aka yi wa rubutu da baƙin fenti, galibi da Faransanci: an hana zuba shara a nan, wanda aka kama zai biya tara. Sau da yawa kuma a gindin rubutun ne jujin ya fi tudu. Mai katanga ya kai kuka wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai ma'aikatar magajin gari, mota ta zo ta kwashe ko kuma a yi ta jiranta. Ko an kwashe, kafin wata ya zagayo wurin ya koma yadda yake. Wannan ja-in-ja ta daɗe.

Lokacin da Faransawa suka ɗauko babban birni daga Damagaram suka kawo Yamai a 1926, garin bai wuce 'yan ƙauyuka a bakin kogin Isa, wato kogin Neja, ba. Har aka samu 'yancin kai a 1960 mutanensa ba su wuce dubu talatin da wani abu ba. Sharar wancan zamani kuwa toka ce, da ƙaiƙayi, da kashin awaki, da ragowar ganyen miya. Irin wannan juji dukiya ne. Kafin damina manomi yakan zo da jakinsa ya roƙi a bar shi ya ɗiba, domin taki ne. Al'adar ba ta mutu ba: har yanzu akwai manoman gefen gari da ke neman a juye musu lodin shara a gona, sai dai abin da ake juyewa ya canza, shi ya sa za ka ga gona ta yi baƙi da leda tun kafin a yi shuka.

Dattawa sukan tuna zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da ƙungiyar matasa ta Samariya ke fitar da unguwa aikin gayya, kowa da tsintsiyarsa. Gaskiya ne an yi tsabta. Amma tsoron hukuma ya yi rabin aikin, kuma garin bai kai rabin na yau ba.

Ƙidayar 2012 ta nuna mazauna Yamai sun zarce miliyan ɗaya. Aka yi ta yanka filaye ana sayarwa, gari ya miƙe ta ko'ina, ba tare da an ware wa kowace sabuwar unguwa wurin tara shara ba. Wanda ya sayi fili ya bar shi shekaru bai gina ba, maƙwabta sun samu juji kyauta. Sannan leda ta shigo. Tumatir na dala ashirin a leda, koko a leda, ruwan sanyi a leda, a tsotse a yar. Ita ba ta ruɓewa, ba ta zama taki, kuma mahauta sun saba ciro ta dunƙule-dunƙule daga tumbin tumaki da shanu.

Ta fuskar doka ba a zauna ba. An kafa dokar tsabtar jama'a a watan Maris 1993, aka kafa dokar kula da muhalli a Disamba 1998. A watan Nuwamba 2014 kuma aka kafa dokar da ta haramta ƙera ledar nan mara kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita. Duk wanda ya leƙa kasuwar Katako ko Wadata ya san inda wannan doka ta kwana. An hana abu, ba a samar wa mai tumatir abin da zai maye gurbinsa a farashin da zai iya ba, kuma ba a tsare ƙofar shigowarsa ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne hanyoyin ruwa. Kwarin Gunti Yena, wanda ya ratsa tsakiyar birni ya faɗa kogi, ya daɗe yana karɓar shara da ruwan datti, ga shi kuma masu lambu na noman ganye a gefensa. Magudanan ruwa su ma haka. Akwai masu jiran hadari ya haɗu su juye kwandon shararsu a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwan yakan kai ta 'yan taku ne kawai, ta toshe bakin kwalbati, ya juyo ya shiga gidan na ƙasa. Ambaliyar 2020, wadda kogi ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ba shara ce ta jawo ta ba. Amma ruwan da ke kwana cikin unguwanni bayan kowane ruwan sama, da sauron da yake haifarwa, akwai hannun toshewar lambatu dumu-dumu a ciki.

Abin lura a tarihin birnin shi ne lokutan da yake yin fes. An yi ƙwalisa domin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disamba 2005. An sake yi domin taron ƙolin Tarayyar Afirka a Yuli 2019, ƙarƙashin shirin ƙawata birnin mai suna Niamey Nyala na Shugaba Issoufou Mahamadou. A tsakanin nan, a Yuli 2017, gwamnati ta tsige magajin gari Assane Seydou bayan shugaban ƙasa ya nuna ɓacin ransa kan ƙazantar birnin. Wato idan baƙi na tafe, ko babba ya fusata, motoci da mai sukan samu. Manyan tituna suka amfana, lungunan Bukoki da Harobanda ba su ga bambanci sosai ba. A Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi ta naɗa kantomomi, su ma suka tarar da jujin yana jiransu.

Mutumin da ba a cika ambata ba a wannan labari shi ne mai amalanke. Shi ke bi gida-gida da jaki ko da kurar turawa, a biya shi a wata ko a kowane ɗauka. Uwar gida ta share tsakar gidanta tas, ta biya, ta sauke nauyi. Shi kuma in wurin tarawa na hukuma ya yi nisa, ko ya tarar ya cika ya tumbatsa, ba zai kashe jakinsa da tafiya ba. Sai ya jira magariba ya juye a kangon da ya fi kusa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Nan ne kai ƙara ke cijewa. Wa za ka kai? Yaron da aka aika da bokiti ɗan maƙwabcinka ne, gobe tare za ku haɗu a suna ko jana'iza. Mai amalanke ba shi da adireshi. Mai kangon yana wata ƙasa, ko kuma magada ne da ba su gama rabo ba. Ma'aikatan tsabta in sun zo sukan ci tarar wanda suka gani, amma ba su da wani wuri kusa da za su nuna masa ya kai gobe. Shi ya sa unguwanni da yawa suka koma ga dabarar kansu: matasan fada, wato majalisar hira ta samarin unguwa, su fito ranar hutu su share, a tara, a cinna wuta, hayaƙin leda ya turnuƙe layi har bayan isha'i.