Mai safarar mata ba baƙo ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka safarar mata don karuwanci sai an sace yarinya a hanya. Ina! Galibi wadda aka sani ce ke kawo maganar, maƙwabciya ko ƙawar uwa, da alkawarin aikatau a Libiya. Ita ke biyan fasfo da kuɗin mota, iyaye na ta sa mata albarka. Da an wuce Agadez an isa garin Sabha na Libiya, sai a ƙwace waya da fasfo, a ɗora wa yarinya bashin da ba ya ƙarewa, a ce da jikinta za ta biya.

Cewa da yardarta ta tafi ba ya wanke mai safarar a doka, domin yaudararta aka yi. Kafin a sallami 'ya, a nemi takardar yarjejeniyar aikin, a kai wa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ta bincika.