Tambayoyi da Amsoshi kan Rikicin Filayen Tarayya a Yammacin Amurka

Yaya girman filin da ake jayayya a kansa?

Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da kimanin eka miliyan 640, wato kusan kashi 28 cikin ɗari na faɗin ƙasar, kuma galibinsa a yamma yake. A jihar Nevada rabonta ya kai kusan kashi 80, a Utah ya haura kashi 60, alhali a New York bai cika kashi 1 ba.

Mene ne ƙorafin jihohin yamma?

Jiha ba ta da ikon karɓar haraji a kan filin tarayya, saboda haka ƙaramar hukumar da yawancin ƙasarta ke hannun tarayya takan sha wuya wajen gudanar da makarantu da gyaran hanyoyi, duk da diyyar da gwamnatin tarayya ke biya tun 1976. Makiyayi kuma sai da izinin BLM, hukumar tarayya mai kula da filaye, yake sakin shanunsa a filayenta, ita ce ke ƙayyade masa yawan dabbobi da watannin kiwo, kuma tana iya rage su. Shi ya sa wasu jihohin ke neman a miƙa musu filayen. Wannan kuka yana da tushe, domin wanda ke yanke hukunci ba ya zaune a karkarar da abin ya shafa.

Shin doka tana bayansu?

Ba ta bayansu. Sashe na 4 na tsarin mulki ya ba majalisar dokokin tarayya iko a kan kadarorin ƙasa, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da faɗin wannan iko a shari'ar Kleppe da New Mexico a 1976. Bugu da ƙari, dokar 1894 da ta buɗe wa Utah hanyar zama jiha ta gindaya sharaɗin cewa mutanenta su sallama duk wani haƙƙi a kan filayen. A watan Agustan 2024 Utah ta kai ƙara Kotun Ƙoli kan eka miliyan 18.5 na filayen tarayya, amma a Janairun 2025 kotun ta ƙi sauraronta.

An taɓa kai ruwa rana?

An taɓa. A 2014 magoya bayan Cliven Bundy, makiyayin Nevada da ya daina biyan kuɗin kiwo tun 1993, suka fito da bindigogi har jami'ai suka saki shanunsa da aka kama.

Me zai faru idan aka miƙa filayen ga jihohi?

Nauyin kashe gobarar daji, wadda ke lashe biliyoyin daloli, zai koma kan jihohi, kuma mafarauta da ƙabilun asali suna fargabar a sayar da filayen, ganin cewa Nevada ta riga ta sayar da kusan duk filin da tarayya ta ba ta don tallafa wa makarantu.