Waiwaye: Yadda dikoda ta zama tafintar tsohuwar talabijin

Ranar da aka kashe tsohon tsarin watsa shirye-shirye na analog, abu guda ne ke faruwa a gidan mai talabijin mai doro. A kunna, a juya eriya gabas, a juya ta yamma, ba komai a gilashi sai ɗigo-ɗigo da ƙarar shuuu. Mai gida ya ɗauka akwatin ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. Tashoshin ne suka koma magana da wani yare, wato dijital, shi kuwa ɗan abin da ke kamo tasha a cikin akwatin bai iya shi ba. Gilashi da lasifika suna nan garau, tafinta kawai suke bukata. Aikin dikoda ke nan.

A da injiniyoyi suna jin kunyar mai tsohon akwati. Lokacin da Amurka ta amince da tsarin launi na NTSC a 1953, sai da aka yi dabarar da mai talabijin fari da baƙi zai ci gaba da kallonsa ba tare da ya sayi komai ba. Haka tsarukan launi na PAL da SECAM suka yi da suka fara aiki a Turai a 1967. Birtaniya ma ta fi kowa kara: tsohon tsarinta mai zana hoto da layi 405, wanda BBC ta fara da shi a 1936, ba a rufe shi ba sai a Janairun 1985, shekara ashirin da ɗoriya bayan zuwan mai layi 625. Duk da haka ɗora ƙaramin akwati a kan babba ba yau aka fara ba. Da Amurka ta buɗe sabon zangon tashoshi na UHF a 1952, yawancin talabijin ba sa kama shi, sai an sayo wata 'yar na'ura an jona, har aka yi doka a 1962 da ta tilasta wa masu ƙerawa su riƙa sa shi a ciki.

To me ya kawar da wannan kara? An fi tallata kyan hoto, amma a ganina ƙarancin fili ne ya yi aiki. Sararin da siginal ke bi yana da iyaka. A tsarin analog tasha ɗaya ke cinye gurbi guda sukutum, megahaz 8 a Turai da Afirka, 6 a Amurka, kuma dole a bar guraben maƙwabta fayau don kada tashoshi su shiga cikin juna. Sai dabarar matse hoto ta MPEG-2 ta iso a tsakiyar shekarun 1990. Ɗauki mai karanta labarai: bakinsa da idonsa ke motsi, bangon bayansa yana nan yadda yake. Analog zai sake aiko bangon nan sau 25 a kowace daƙiƙa. Dijital kuwa zai aiko shi, sannan ya riƙa aiko abin da ya canza kaɗai. Da wannan tsimi gurbin tasha ɗaya ya ɗauki huɗu, biyar ko shida. Filin da ya rage ya zama haja, kamfanonin wayar salula suka yi layi. Gwanjon zangon megahaz 700 da Amurka ta yi a 2008 ya tara kusan dala biliyan 19.

Duniya ba ta haɗu a kan tsari ɗaya ba, kamar yadda ba ta haɗu ba a zamanin launi. Turai ta kafa DVB a 1993, Amurka ta ɗauki ATSC a ƙarshen 1996, Japan ta fito da ISDB wanda Brazil da maƙwabtanta suka ara, Sin ta yi nata DTMB. Shi ya sa dikodar da aka yo tsaraba daga wata nahiya kan zama kayan ado.

Birtaniya ta fara dijital a Nuwamban 1998, amma kamfanin da ya so a riƙa biyan kuɗin wata ya durƙushe a 2002. Sai da Freeview ta zo da tashoshin kyauta a Oktoban shekarar sannan jama'a suka karɓa, aka kashe analog na ƙarshe a Oktoban 2012. Birnin Berlin ya riga kowa, tun 2003. A Amurka an sa ranar 17 ga Fabrairun 2009, gwamnati ta raba takardun rangwamen dala 40, biyu ga kowane gida, don sayen dikoda. Kuɗin shirin ya ƙare, mutane suka taru a jerin jira, tilas aka ɗaga zuwa 12 ga Yuni. Japan ta rufe nata a Yulin 2011, ban da larduna uku da girgizar ƙasa da igiyar ruwa suka ɗaiɗaita, waɗanda aka yi wa jinkiri zuwa Maris ɗin 2012.

Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya kuwa yarjejeniyar Janeba ta 2006 ce ta ɗaure su, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da wa'adin 17 ga Yunin 2015. Tanzaniya ta yi sammako, ta kashe analog a Darussalam a ƙarshen 2012, amma ƙasashen Afirka da dama wa'adin ya wuce su. Jinkirin ya zo da ɗan alheri, domin galibinsu sun tsallake kai tsaye zuwa DVB-T2, wanda ya fi na farko ɗaukar tashoshi.

Haɗa dikoda da tsohon akwati ba shi da wuya. A zare wayar eriya daga bayan talabijin a soka ta a dikoda. Daga dikoda wayoyi uku za su koma talabijin: rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, kowace a ramin da ke da launinta. A danna AV, a sa dikodar ta nemo tashoshi da kanta, daga nan rimot ɗinta ne ke mulki, na talabijin sai kunnawa da kashewa. Akwatin da ya tsufa har ba shi da ramukan nan uku, sai na eriya kaɗai, yana bukatar dikoda mai mafitar RF, wadda ake jonawa a ramin eriya, a kamo ta kamar yadda ake kamo tasha. Mai saye ya duba bayan dikodar tun kafin ya biya, don wasu na yanzu HDMI kawai gare su. Kada kuma a rikita ta da dikodar tauraron ɗan'adam, wadda sai da faranti.

Abin da ake kira "eriyar dijital" kuwa zancen 'yan talla ne. Ƙarfe bai san analog ba bai san dijital ba, tsohuwar eriyar UHF tana yi muddin tana kallon inda ya dace. Bambancin yana wajen hali. Analog in siginal ya yi rauni zai ba ka hoto dishi-dishi, ka lallaɓa ka ƙarasa kallon ƙwallo. Dijital ba ya lallashi: hoto tangaran, sai ya daskare, ya farfashe gida-gida, ya ɗauke ɗif. Kuma dikoda ba ta mai da tsohon gilashi sabo. Hoton zai fita tas, amma iya layukan da akwatin ke da su, sau da yawa da baƙin zane sama da ƙasa, tunda shirye-shiryen yanzu don faffaɗan gilashi ake yin su.

Wani abin dariya shi ne tafintar ta fi uban gidanta saurin tsufa. A daren 5 ga Afrilun 2016 Faransa ta bar MPEG-2 ta koma MPEG-4, dikodojin farko suka yi shiru. Jamus ta yi irin wannan a ranar 29 ga Maris 2017 da ta koma DVB-T2, har talabijin na bango da aka saya da tsada shekaru kaɗan kafin nan suka koma neman dikoda, daidai da mai doron da suka kora daga falo. Amurka ma sabon tsarinta na ATSC 3.0 ba ya shiga akwatunan da aka ƙera don na 1996.