Zirga-zirga tsakanin tsibiran Maldib

Zirga-zirga tsakanin tsibirai tafiya ce ta ruwa da ake yi ana yada zango daga wannan tsibiri zuwa wancan. A Maldib, da ke tekun Indiya, ta zama dole: tsibirai ne kimanin 1,190 a rukuni 26, waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su wuce 200 ba.

Iska

A da, iska ce ke yanke ranar tashi. Daga wajen Disamba zuwa Maris, lokacin hunturu a ƙasar Hausa, tana kaɗowa daga arewa maso gabas, teku ya lafa. Daga Mayu sai ta juyo daga kudu maso yamma da ruwan sama. Jirgin gargajiya, doni, da katakon kwakwa ake haɗa shi.

Tarihi

Ibn Battuta, matafiyi ɗan Maroko, ya iso wajen 1343, ya bi ta tsibirai har Male, babban birnin ƙasar, inda aka naɗa shi alƙali. Ana cewa Musulunci ya shiga a 1153. Akwai saɓani kan wanda ya kawo shi, wasu sun ce mutumin Magrib ne, wato arewacin Afirka, wasu sun ce na Farisa.

A da, babban kayan da jiragen ke tarawa shi ne wuri, wato ɓawon ƙaramin dodon koɗin teku da ake ciniki da shi a matsayin kuɗi. Akan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa, ƙananan dodon koɗin su manne, a janyo a shanya a rairayi har naman ya ruɓe, a wanke ɓawon. Daga tsibirai a kai Male, daga Male a kai Bengal, a yankin gabashin Indiya da Bangladesh na yau, a musanya da shinkafa. Turawan Holan da na Ingila suka riƙa lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, aka sayi bayi da shi, abin takaici. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wajen 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Wurin da har yau ake gani ɗinke a jikin laya ko ƙwarya a ƙauyukan Kano da Jigawa, wani daga Maldib ya taso. Wani kuma na Zanzibar ne, wanda Jamusawa suka kwararo a ƙarni na 19 har darajar wuri ta faɗi.

Yau

An buɗe masaukin 'yan yawon buɗe ido na farko a 1972, aka kuma halatta gidajen baƙi a tsibiran jama'a a 2009. Masu hali na hawa jirgin sama mai sauka kan ruwa, sauran jama'a kuwa jirgin fito.