Waiwaye: Asalin Digirin Turanci da Ayyukan da Yake Kai Mutum

Duk da tsufan jami'o'in Oxford da Cambridge, ba su ne suka fara ɗaukar Turanci a matsayin fannin karatu ba. Ɗaruruwan shekaru malamansu na ganin ilimi na gaske yana cikin Latin da Girkanci. Turanci kuwa kowa ya tashi da shi a gida, to me za a koyar? A Scotland aka fara. A 1762 aka naɗa Hugh Blair farfesan balaga da adabi a Jami'ar Edinburgh, kuma manufar a fili take: samari masu neman zama lauyoyi, malaman coci da ma'aikatan gwamnati suna buƙatar iya magana da rubutu irin na manyan Landan. Sai a 1828 University College London ta naɗa Thomas Dale farfesan harshe da adabin Turanci na farko a Ingila.

Mulkin mallaka ne ya ƙara wa fannin ƙarfi. A 1835 Thomas Macaulay, wani jami'in Birtaniya, ya ba gwamnatin Turawa a Indiya shawarar ta karkatar da kuɗin ilimi daga Sanskrit (tsohon harshen Indiya) da Larabci zuwa Turanci, domin a samu waɗanda za su tsaya tsakanin masu mulki da talakawa. Da aka fara jarrabawar shiga aikin gwamnatin Indiya a 1855, an saka harshe da adabin Turanci cikin darussan da ake ba maki. Wato tun farko neman aiki ne ya ja ɗalibai.

Oxford ba ta amince da digirin ba sai 1894, Cambridge kuma 1917. Hujjar masu adawa ita ce ba za a iya jarraba mutum a kan abin da ya yi masa daɗi ba. Don toshe bakinsu Oxford ta cika manhajar da tsohon Turanci da tarihin kalmomi. Cambridge ta bi wata hanya: a shekarun 1920 malaminta I. A. Richards yakan raba wa ɗalibai waƙoƙi ba sunan mawallafi, ba shekara, ya ce su rubuta abin da suka gani. Da yawa sun yabi raunana sun kushe fitattu. Daga nan karatun ƙwaƙwaf na layi-layi ya zama ginshiƙin fannin, hankali kuma ya fara barin batun aiki ya koma sharhin adabi.

A 1968 malaman jami'a uku a Nairobi, Ngugi wa Thiong'o da Taban lo Liyong da Henry Owuor-Anyumba, suka nemi a rushe sashen Turanci a kafa na adabi da harsunan Afirka, da adabin baka a tsakiyarsa. Muhawarar ta taimaka wajen buɗe manhaja ga marubutan Afirka, Indiya da Karibiyan.

A Amurka, wajen 1971 sama da kashi 7 cikin ɗari na masu digirin farko Turanci suka karanta. Zuwa 2020 ba su kai kashi 2 ba. Faɗuwar ta tsananta bayan rikicin tattalin arziki na 2008, lokacin da bashin karatu ya sa iyaye tambayar wane albashi ke jiran ɗansu.

Yau digirin shekara uku ne a Ingila, huɗu a Amurka da Scotland, kuma reshe biyu gare shi: harshe, wato furuci, nahawu da ma'ana, sai adabi. Kuskuren farko shi ne shiga da tunanin za a koya maka jin Turanci. Ana ɗauka ka riga ka iya. Nazarinsa za ka yi. Na biyu ya fi tsada: ɗalibi ya gama ba shi da komai a hannu sai rubuce-rubucen jarrabawa. Editan jarida ko kamfanin talla ba ya karanta sharhin waƙa. Zai miƙa maka labari mai kalma 800, ya ce ka mayar da shi 300 cikin rabin awa ba tare da ka zubar da ko suna ɗaya ba.

Shi ya sa kusan kowace hanya take da ƙarin mataki. Koyarwa a sakandare na buƙatar takardar malanta, kamar PGCE ta shekara ɗaya a Birtaniya. Koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne na buƙatar takardar shaida irin CELTA ta Cambridge, kimanin awa 120, shida daga ciki koyarwa ce a gaban ɗalibai na gaske ana sa maka ido. Aikin jarida, gyaran rubutu da hulɗa da jama'a suna son tarin aikin da aka riga aka buga, ko da a jaridar makaranta ce. Fassara tana son harshe na biyu da ka ƙware a rubutunsa, ba magana kawai ba, tare da fanni guda kamar shari'a ko lafiya. Koyarwa a jami'a ita ce mafi ƙunci: digiri na biyu da na uku kan ci shekara huɗu zuwa bakwai, masu kammalawa kuma sun fi guraben dindindin yawa nesa ba kusa ba, don haka da dama sukan ƙare a kwantiragin zango-zango.