Shawarar dila da jadawalin kamfani: wanne sabuwar mota za ta bi?

Duk wanda ya sayi sabuwar mota ya mayar da ita sabis a wurin da ya saye ta, zai ci karo da wata magana a takardar aiki ko a bakin ma'aikacin da ke karɓar motoci: "sabis ɗin da dila ya ba da shawara." Abin da ake nufi shi ne ayyukan da dilan ya tsara da kansa, galibi juyen mai da ruwan da ke cikin mota, waɗanda ya ɗora a kan abin da kamfanin da ya ƙera motar ya ce a yi. Wani lokaci aikin yana cikin tsarin kamfanin amma dila ya matso da lokacinsa kusa. Wani lokaci kuma kamfanin bai ambace shi ba ko kaɗan.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne tambari. Sunan kamfanin na manne a jikin ginin da rigar ma'aikata, sai mai mota ya ɗauka duk maganar da aka faɗa masa a wurin daga bakin masu ƙera motar ta fito. Alhali a mafi yawan ƙasashe dila ɗan kasuwa ne mai zaman kansa da ya karɓi izinin sayar da motocin kamfanin, kuma kaso mai tsoka na ribarsa daga garejin sabis da kayan gyara yake fitowa. A wurare da dama ma'aikacin da ya karɓi makullinka yana da kamasho a kan kowane aiki da ka amince a ƙara. Wannan bai sa shi zama maƙaryaci ba, neman halaliyarsa yake. Sai dai ya kamata ka san cewa mai ba ka shawarar shi ne kuma mai sayar maka da ita.

Maganar kamfani tana rubuce a littafin da ya zo da motar, ko a ɗan ƙaramin littafin garanti da sabis da ke tare da shi. A nan ne jadawalin yake: a kilomita kaza ko wata kaza, duk wanda ya fara cika, a canza abu kaza, a duba abu kaza. A kula da waɗannan kalmomi biyu, domin "a duba" da "a canza" ba ɗaya ba ne, kuma a tsakaninsu ne kuɗin mutane da yawa ke zurarewa. Injiniyoyin da suka rubuta jadawalin su suka gwada injin, kuma kamfaninsu ne zai biya idan ya lalace a cikin garanti. Shi ya sa ni a ganina jadawalin ne ma'auni, duk wata shawara a kansa za a aza ta a gani.

A ɗauka ka kai mota mai shekara ɗaya da rabi, ta yi kilomita 24,000. Ma'aikacin ya juyo maka da takarda ya ce, "Yallaɓai, lokacin babban sabis ya yi." Ka duba ka ga bakin mai da filta, sai wankin lagireto, sai canjin man giya, sai man birki, sai maganin wanke injekta, wato bakin da ke fesa wa inji fetur, sai man sitiyari. Ba sai an yi musu ba. Ka ce masa, "Malam, don Allah yi mini alama a kan waɗanda ke cikin littafin kamfani a wannan kilomita, sauran kuma ka faɗa mini dalilin kowanne." Sau da yawa a nan take takardar za ta rabu biyu. Na ƙarshen nan ma, man sitiyari, ya isa a tsaya a kansa: yawancin ƙananan motocin da ake ƙerawa yanzu sitiyarinsu da lantarki yake aiki, babu famfo, babu tankin mai. Idan motarka irin wannan ce, an rubuta maka kuɗin canza man da babu shi a motar ke nan.

Bakin mai ne aka fi jayayya a kai. Tsohuwar ƙa'idar yin juye duk mil 3,000, wato kusan kilomita 5,000, ta samo asali ne tun zamanin tsoffin injuna da man da ba ya jure zafi kamar na yanzu. A kasuwar Amurka, Toyota ta sa wa yawancin motocinta masu shan bakin man sintetik mai lambar kauri 0W-20 mil 10,000 ko wata 12, kimanin kilomita 16,000. Wasu kamfanoni ma sun bar wa kwamfutar motar lissafin. General Motors na da tsarin da ke ƙirga sauran ƙarfin mai daga yawan juyin inji da zafinsa, Honda kuma na da Maintenance Minder, wanda ke nuna harafi da lamba a gaban direba: A na juyen bakin mai, 3 na man giya, 5 na ruwan lagireto. Idan motarka na da irin wannan, abin da ta nuna shi ne maganar kamfani. Kuma kada a tsorata ka da launi. A ciro sandar awon mai a goga a farar takarda a ce ka ga yadda ya yi baƙi, wannan ba hujja ba ce. Aikin man ne ya kwashi dauɗar inji ya riƙe ta a jikinsa, dole ya yi duhu, na injin dizal ma daga juye ba ya daɗewa yake baƙi.

To amma akwai inda dila kan yi gaskiya, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu. Kusan kowane littafin mota jadawali biyu yake ɗauke da shi, na tuƙin yau da kullum da na yanayi mai tsanani. Jin kalmar "tsanani" kan sa mutum ya ce ai ni ba na wahalar da motata, daga gida sai wurin aiki. Alhali wannan gajeriyar zirga-zirgar tana cikin abin da ake nufi. Littattafai da yawa sun lissafa tafiyar da ba ta kai kilomita 8 ba a kai a kai, da barin inji yana aiki a tsaye na dogon lokaci, da rarrafe cikin cunkoso a tsananin zafi, da hanya mai ƙura, da jan tirela ko ɗora kaya masu nauyi. Dalilin gajeriyar tafiya shi ne inji ba ya samun zafin da zai ƙone raɓar ruwa da ɗigon fetur da ke sauka cikin mai, sai su taru su tsinka shi. Ƙura kuwa tana cika filtar iska da wuri, wadda ta kuɓuce ta shiga mai tana cin ƙarfe a hankali. Ga mai irin wannan tuƙi, Toyota ɗin da ta ce mil 10,000 ita ce ta rage shi zuwa 5,000. Saboda haka idan dila ya ce a matso da juye, tambayar da za ka yi wa kanka da gaskiya ita ce yaya nake tuƙa motar nan, a wace irin hanya. In amsar ta faɗa cikin jadawali na biyu, ka bi shi ba tare da jin an cuce ka ba. Haka nan ka tabbata littafin da kake dubawa na ƙasar da aka sayar da motar ne, domin mota iri ɗaya kan sami jadawali dabam a kasuwanni dabam saboda ingancin fetur da yanayin wuri.

Wata kalma da ke yawan fitowa a takardun nan ita ce fulashin, kuma ba ɗaya take da juye ba. Juye shi ne a kwance notin ƙasa, tsohon mai ya tsiyaye da kansa, a ɗaure, a zuba sabo. Fulashin kuwa na'ura ake jonawa ta tura sabon mai ya kori tsoho, sau da yawa bayan an zuba wani sinadarin wanki. A giyar otomatik, juye ba ya fitar da man duka, kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi yake fita, sauran yana maƙale a sassan ciki, kuma da wannan ake tallata fulashin. Amma masu tsara jadawali sun san haka tun farko suka rubuta juye. General Motors ta taɓa sanar da dilolinta cewa ba ta goyon bayan wanke cikin inji da sinadarai, Honda ma ta gargaɗi nata game da fulashin. Sabon inji da ake yi wa juye a kan lokaci ba shi da wata dauɗar da za a wanke. Maganin wanke injekta shi ma haka, idan motar ba ta shaƙewa, ba ta rawa a tsaye, ba ta kunna fitilar gargaɗi ba, ban ga abin da zai gyara ba.

Ruwan lagireto ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda Toyota ke zubawa daga masana'anta, mai ruwan hoda, an sa masa shekara 10 ko kilomita 160,000 kafin canjin farko. Dex-Cool na General Motors shekara 5 ko kilomita 240,000. Zubar da irin wannan ruwa a shekara ta biyu asara ce, kuma akwai haɗarin a maye shi da wanda sinadarinsa bai dace da injin ba. Launi ɗaya ba ya nufin iri ɗaya.

Man birki ne nake roƙon kada a yi wasa da shi, ko da an ƙi duk sauran. Nau'in DOT 3 da DOT 4 da yawancin motoci ke amfani da su suna zuƙar laima daga iska a hankali, ko motar na tafiya ko tana ajiye. Ruwan da ya shiga yana sauko da zafin da man ke tafasa. A ƙa'idar Amurka, sabon DOT 3 dole ya jure digiri 205 a ma'aunin salsiyos kafin ya tafasa, amma wanda ya sha laima 140 kawai ake nema daga gare shi. DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. A doguwar gangara da ake ta taka birki, zafin na iya sa man ya tafasa ya yi kumfa a cikin bututu, kumfa kuwa tana matsuwa, sai ka taka birki ƙafarka ta tafi ƙasa motar ba ta tsaya ba. Ruwan yana kuma jawo tsatsa a cikin na'urar ABS mai hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, wadda gyaranta ke da tsada. Shi ya sa lissafin man birki na shekaru ne. Honda ta daɗe tana cewa duk shekara 3, BMW da Mercedes-Benz suna bin tsarin shekara 2. Idan littafinka bai faɗi lokaci ba, cewa kawai ya yi a duba, akwai ɗan abin gwaji da ake tsomawa a tankin man ya nuna yawan ruwan da ke ciki. Ka nemi a gwada a gabanka. Mota mai wata takwas dai da wuya man birkinta ya kai ga canji.

Man giya yana da nasa rikicin ta ɗaya ɓangaren. Wasu kamfanoni sun ce nasu na tsawon rayuwar mota ne, ba a canza shi. BMW ta faɗi haka game da giyoyin otomatik ɗinta, alhali ZF, kamfanin Jamus da ke ƙera mata da yawa daga cikinsu, yana ba da shawarar a canza bayan an yi nisa, musamman ga motar da ke shan wahala. A nan dilan da ya ce a canza yana da madogara, idan motar ta yi shekaru kuma kana niyyar riƙe ta. A kilomita 24,000 kuwa babu wannan magana, sai fa in littafin ya faɗa saboda jan kaya. Kuma duk ranar da za a canza, nau'in man ya fi komai muhimmanci. Giyar CVT, wato nau'in otomatik da ba ya hawa mataki-mataki, ba ta shan man otomatik na gama-gari: Nissan na da NS-3, Honda na da HCF-2, zuba wani dabam na iya kashe giyar.

Akwai kuma masu cewa a zubar da man da motar ta zo da shi bayan kilomita dubu ɗaya ko biyu saboda ɓurɓushin ƙarfen sabon inji. Wannan ya danganta da motar. BMW na buƙatar sabis na musamman a kilomita 2,000 ga motocinta masu harafin M, har da man aksul na baya. Honda kuwa ta rubuta a littattafanta da dama cewa kada a canza man farko kafin lokacinsa. Kamfanoni biyu, umarni biyu, kowanne don injin da ya ƙera.

Makamin da ya fi sa mutane miƙa wuya shi ne garanti: "In ba ka yi ba, garantinka ya tashi." Garanti alkawari ne na kamfanin da ya ƙera motar, kuma sharaɗinsa bin jadawalin kamfanin ne, ƙarin da dila ya ƙirƙiro ba ya ciki. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana a ɗaure garanti da cewa sai a wurin dila za a yi sabis ko sai da kayan tambarin kamfani, in ba kyauta ake bayarwa ba. Tarayyar Turai ma na da ƙa'idar da ke ba mai mota damar zuwa gareji mai zaman kansa. Dokokin wasu ƙasashen sun bambanta, kuma ƙarin garantin da mutum ya saya dabam a hannun dila yana iya zuwa da nasa sharuɗɗan, don haka a karanta takardar kafin a yanke shawara. Idan aka ce maka ƙin wani aiki zai soke garanti, ka nemi a nuna maka shafin da ya faɗi haka, ko a rubuta maka a sa hannu. Abin da ke kashe garanti da gaske shi ne tsallake abin da jadawali ya wajabta, ko zuba man da bai dace ba, ko rasa shaidar cewa an yi. Ko a ina aka yi maka juye, ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata, da kilomitar da motar ke kai a ranar, da sunan man da lambarsa, ka adana shi tare da littafin, domin shi za a fara tambaya idan inji ko giya ya ba da matsala.