Ciwo Ba Ya Jiran A Gama Jarrabawa

Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato, asibitin jami'a yakan cika da ɗaliban da abokansu suka tallabo, kuma idan mu ma'aikatan asibitin muka bincika sai mu tarar ciwon ya daɗe a jikinsu. Amsar da muke ji ba ta sauyawa: "Na ce bari in gama jarrabawa tukuna." Tushen wannan amsa shi ne abin da matasa da yawa suka yarda da shi, wato jikin mai ƙuruciya yana jure komai, kuma zuwa asibiti saboda zazzaɓi ragwanci ne.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne yadda kuke danne ciwo da maganin aro. Ɗalibi yana rawar sanyi, kansa yana sarawa, sai ya miƙa wa abokin ɗakinsa hannu, a ɓallo masa ƙwaya biyu daga ragowar wani yagaggen kwali, babu wanda ya karanta sunan maganin balle ranar da zai lalace. Haba jama'a, ku da kuke karatun jami'a! Farasitamol ɗin da kuke rainawa, idan babban mutum ya wuce giram 4 a yini yana iya lalata masa hanta, kuma magungunan mura da dama suna ɗauke da shi, sai mutum ya ninka bai sani ba. Amoksisilin kuwa, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar bakteriya, ba ya yi wa mura komai, illa dai shansa barkatai ya sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Maganin aro yana kwantar da zafin jiki na ɗan lokaci, cutar kuma tana nan tana cin jiki, har ranar da za a kawo mana ku ranga-ranga.

Mun san nauyin da ke kanku, mun san tsoron faɗuwa da kuma idon iyaye da ke kanku, kuma ba mu raina wahalarku ba. Amma wanda ya zo da wuri yakan koma karatunsa a ranar, wanda ya jinkirta kuwa shi ne yake rasa jarrabawar da ya yi jinkirin dominta.

Saboda haka, zazzaɓin da ya kai kwana biyu a zo a yi gwaji, wanda ya haɗu da sanƙarewar wuya ko ruɗewa a garzayo nan take. A samu barcin awa 7 ko fiye, ko da gobe jarrabawa. Maganin da aka rubuta wa wani kuma, don Allah kada a karɓa, kada a bayar.